Yadda Za Ku Zaɓi Kwamfutar Tafi-da-gidanka Marar Nauyi Da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda mutane da yawa ke kira ordinatar, ta zama kayan aiki a garin Matameye da karkarar da ke kewaye da shi. Magatakardan ƙungiyar manoman rake yana rubuta sunayen ƴan ƙungiya da lissafinsu a cikinta. Malamin yaƙi da jahilci yana shirya darasi da ita. Mai riƙe littafin asusun mata tana ajiye lissafin zubi da na bashi. Sai dai yawancin kwamfutocin da suka fara shigowa hannun jama'a manya ne, masu nauyi, kuma batirinsu ya gaji. Wanda ke ɗaukar irin wannan a kan babur daga Matameye zuwa Kance, ko Dungu, ko Yawuri, ya san yadda take gajiyar da kafaɗa, kuma ya san takaicin isa ƙauye da kwamfutar da ba ta kunnuwa sai an jona ta da wuta.

Idan kuna shirin sauya irin wannan kwamfuta da wata marar nauyi, wannan bayani naku ne. Kuɗin kwamfuta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sau da yawa amfanin gona ne aka sayar, ko kuɗin ƙungiya ne da aka tara a hankali. Saboda haka ya kamata ku riƙe abu guda tun daga farko: rashin nauyi sharaɗi ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗan kwamfuta mai kyau. Wadda za ta amfane ku ita ce wadda ba ta da nauyi, batirinta yana daɗewa, tana jure hanya, kuma ana samun mai gyaranta kusa da ku.

Nawa ne nauyin da ya dace?

Ana auna nauyin kwamfuta da kilo. Domin ku gane sosai, ku tuna cewa litar ruwa ɗaya kilo 1 ce, tiyar gero kuma wajen kilo 2 da rabi ce.

Tsohuwar kwamfuta mai faɗin fuska, wadda ke da wurin sa faifan DVD, nauyinta yakan kai tiyar gero guda. Idan aka haɗa da cajarta mai kauri, nauyin yakan kusanci kilo 3. Kwamfutar da ake kira marar nauyi ita ce wadda ba ta wuce kilo 1 da rabi ba, wato kusan rabin tiya.

Nauyi yana tafiya tare da girman fuska. Ana auna fuskar kwamfuta da inci, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen. Ga yadda abin yake:

1. Inci 15.6, wato wajen santimita 40. Wannan ita ce babba. Karatu a kanta yana da daɗi, amma ɗaukarta yana da wuya.
2. Inci 13 zuwa 14, wato santimita 33 zuwa 36. Wannan ita ce matsakaiciya. Nauyinta yakan kama daga kilo 1.2 zuwa 1.6.
3. Inci 11 zuwa 12.5, wato santimita 28 zuwa 32. Wannan ita ce ƙarama. Tana shiga kowace jaka, amma rubutunta ƙanana ne.

Ga mai koyon karatu, da wanda idonsa ya fara rauni, matsakaiciyar ta fi dacewa. Raguwar nauyin da za ku samu a ƙaramar bai kai wahalar da idanunku za su sha ba.

Tarihi ya nuna haka. Kwamfutar ɗauka da aka fara sayarwa da yawa, mai suna Osborne 1, ta fito a Amurka a shekarar 1981, nauyinta ya zarce kilo 10. Daga nan aka yi ta rage nauyi. A shekarar 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC, mai fuska inci 7, wadda ba ta kai kilo 1 ba, kuma tana da araha. Jama'a sun saye ta da ire-irenta sosai. Amma cikin ƴan shekaru aka daina yin su, domin ba su da sauri, kuma madannansu sun yi wa yatsun manya ƙanƙanta. Har yau ana ganin ragowarsu a kasuwannin kayan hannu. Kada arahar su ta ja ku.

Idan za ku gwada nauyi, ku ɗaga kwamfutar tare da cajarta, domin tare za ku riƙa ɗaukar su.

Shin tsohuwar ta gama aiki?

Kafin ku fitar da kuɗi, ku tambayi kanku abin da ke damunku game da kwamfutar da ke hannunku.

Idan rashin sauri ne kawai, mai gyara zai iya cire tsohon ma'ajinta ya sa mata sabon iri mai suna SSD. Wannan yakan farfaɗo da ita, kuma kuɗinsa bai kai na sayen wata ba. Idan batiri ne ya mutu, yawancin tsofaffin kwamfutoci ana zare batirinsu ta baya a sa sabo. Idan kuma kwamfutar ba ta fita daga ɗaki ko ofis, nauyinta ba ya cutar da kowa, babu dalilin sauya ta.

Sauyi ya zama dole ne idan kuna tafiya da ita kullum, ko kuma idan gyaran da take bukata ya kusa rabin kuɗin wata. A nan ne sauran wannan bayani zai yi muku amfani.

Wane aiki za ta yi?

Ku zauna ku rubuta ayyukan da kuke so ku yi da kwamfutar. Ga yawancin masu karanta wannan shafi, ayyukan su ne: rubuta wasiƙa da rahoto, yin lissafin ƙungiya a jadawali, karanta littattafai, kallon bidiyon koyarwa, aika saƙo ta intanet, da buga takarda. Waɗannan ayyuka ba su bukatar kwamfuta mai tsada. Kwamfutocin da aka yi domin wasanni ko haɗa fim suna da nauyi, suna shan wuta da yawa, kuma suna zafi. Idan mai sayarwa ya ce muku wannan ta fi ƙarfi, ku duba takardarku ku gani ko aikinku yana bukatar ƙarfin.

Abubuwa huɗu da za ku duba a cikinta

Kwamfuta tana kama da gidan manomi. Akwai mai aiki, akwai tabarmar da yake baza kayan aiki a kanta, akwai rumbun ajiya, akwai kuma abincin da ke ba shi ƙarfi.

*Na ɗaya: mai aiki, wato furosesa.* Ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanoni biyu ne ke yin mafi yawansu, Intel da AMD. A kan na Intel za ku ga an rubuta Core i3, ko i5, ko i7. Mutane da yawa suna zaton duk i7 ta fi i5. Abin ba haka yake ba, domin shekarun furosesa sun fi wannan lamba muhimmanci. Ku duba lambar da ke bayan ɗan layi. A cikin i5-8250U, lamba 8 tana nufin zubi na takwas. A cikin i7-3520M, lamba 3 tana nufin zubi na uku, wanda ya fito tun 2012. A cikin i5-10210U da i5-1135G7 kuma, lambobi biyu na farko ake karantawa, wato zubi na 10 da na 11.

Ga dalilin da ya sa wannan lamba take da muhimmanci. Kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 7 a watan Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfuta mai waɗannan manhajoji tana ci gaba da aiki, amma kariyarta daga ɓarayin intanet tana raguwa. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. A ɓangaren AMD, ku nemi Ryzen mai lamba daga 3000 zuwa sama. Wanda ya sayi abin da ya gaza haka ya sayi kayan da zamani ya riga ya fara bari a baya.

*Na biyu: tabarmar aiki, wato RAM.* A nan ne kwamfuta ke baza abin da take aiki a kansa a lokacin. Ana auna ta da giga. Idan tabarmar ta yi kaɗan, aiki sai ya cushe, kwamfuta ta riƙa tsayawa. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma aiki da shi yana da wahala. Ku nemi giga 8. Ku kuma tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba, domin a wasu kwamfutoci marasa kauri an manne RAM da jikin injin, ba a cirewa, ba a ƙarawa.

*Na uku: rumbun ajiya.* A nan takardunku da hotunanku ke zama ko an kashe kwamfuta. Iri uku ne. Tsohon iri, HDD, faifai ne da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karanta shi. Jijjigar babur a kan hanyar burji, ko faɗuwa sau ɗaya, tana iya lalata shi tare da duk abin da ke ciki. Sabon iri, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi sauƙin nauyi, ba ya shan wuta sosai, kuma yana jure jijjiga. Iri na uku, eMMC, shi ne ake sa wa sababbin kwamfutoci masu matuƙar araha. Yakan kasance giga 32 ko 64 kawai, manhajar Windows ita kaɗai tana cinye kaso mai yawa daga ciki, kuma ba a sauya shi. Ku nemi SSD mai giga 256. Mai giga 128 zai iya isar wanda aikinsa rubutu ne kawai. SSD mai giga 256 ya fi muku HDD mai giga 500, ko da yake lambar ta biyu ta fi girma.

*Na huɗu: abinci, wato batiri.* Ana auna ƙarfin batiri da wat-awa, ana rubuta shi Wh. Lissafin ba shi da wuya. Idan batiri yana da 45 Wh, kwamfutar kuma tana shan wat 10 a lokacin rubutu, zai kai ku awa 4 da rabi. Amma batiri yana tsufa. Wanda ya yi shekara huɗu yana aiki ba zai riƙe abin da aka rubuta a jikinsa ba. Yawancin kwamfutoci marasa nauyi batirinsu a ciki yake, sai mai gyara ya kwance su kafin a sauya shi. Saboda haka ku tabbatar ana samun batirin irin wadda za ku saya.

Sabuwa mai araha, ko ta hannu mai ƙwari?

Da kuɗi kaɗan, zaɓi biyu ne a gabanku.

Na farko, sabuwar kwamfuta mai araha. Takan zo a cikin kwali, da kyan gani, da sabon batiri. Amma yawanci furosesarta Celeron ce ko makamanciyarta, RAM giga 4, ma'aji eMMC, jikinta kuma roba ce marar kauri. Maƙalar da ke riƙe fuskarta takan karye da wuri. Idan sunan kamfanin ba sananne ba ne, ranar da ta lalace ba za a samu kayan gyaranta ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na biyu, kwamfutar hannu irin ta ma'aikatu. Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan ƴan shekaru, ƴan kasuwa kuma su kawo tsofaffin Afirka ta Yamma. An ƙera irin waɗannan domin aikin kullum, jikinsu yana da ƙwari, kuma masu gyara sun san su. Iyali uku ne suka fi yawa: ThinkPad na kamfanin Lenovo, EliteBook na kamfanin HP, da Latitude na kamfanin Dell. Misalan da ke da furosesa zubi na takwas, kuma nauyinsu bai wuce wajen kilo 1 da rabi ba, sun haɗa da EliteBook 830 G5 da 840 G5, da Latitude 7390 da 7490, da ThinkPad X280. Ku lura cewa RAM ɗin X280 a manne yake, saboda haka kada ku karɓi mai giga 4. Waɗannan misalai ne domin ku san irin abin da za ku tambaya. Lambar furosesar da ke cikin wadda aka miƙo muku ita ce hujja.

Ga mai ɗaukar kwamfuta zuwa ƙauyuka, zaɓi na biyu ya fi yawan alheri, da sharaɗin a gwada ta sosai, domin kayan hannu ba a san irin wahalar da suka sha ba.

Akwai kuma wani iri mai suna Chromebook. Ba shi da nauyi, kuma ana sayar da shi da araha. Sai dai an yi shi ne domin aiki da intanet, kuma manhajojin Windows ba sa aiki a kansa. Wasu daga cikin na hannu a kulle suke da sunan makarantar da ta taɓa mallakarsu. Idan aikinku yana kai ku inda layin Airtel, ko Moov, ko Zamani ba shi da ƙarfi, wannan iri bai dace da ku ba.

Madannai, haruffan Hausa, da kan caja

Mutumin Matameye yana da kasuwa biyu. Zai iya zuwa Damagaram, ko ya bi ta Ɗan Barto da Daura ya shiga Kano, inda ake sayar da kwamfutoci a titin Beirut. Kayan wuraren biyu sun bambanta ta fuska biyu.

Bambanci na farko shi ne jerin haruffa. Kwamfutar da ta fito daga ƙasashe masu Faransanci, layin haruffanta na sama yana farawa da A, Z, E, R, T, Y. Wadda ta fito daga Najeriya, ko Ingila, ko Amurka, tana farawa da Q, W, E, R, T, Y. Idan hannunku ya saba da iri ɗaya, ko kuma kuna rubuta rahoto da Faransanci mai bukatar haruffa irin su é da ç, ku zaɓi wadda ta dace da aikinku. Ana iya sauya jerin a cikin manhaja, amma abin da aka rubuta a kan madannan ba zai sauya ba, kuma wannan yana rikita mai koyo.

Haruffan Hausa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, babu su a rubuce a kan kowanne daga cikin biyun. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta kafa a 1999 tana amfani da su duka huɗu, kuma kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa. Manhajar Windows tana da tsarin madannai na Hausa da ake iya kunnawa. Akwai kuma manhajar kyauta mai suna Keyman. Ku sa mai sayarwa ko mai gyara ya shirya muku ɗaya, ku rubuta kalmomin ɓera, ɗaki, ƙofa da ƴaƴa da hannunku kafin ku tashi.

Bambanci na biyu shi ne kan caja. Na Najeriya yakan zo da ƙafa uku masu faɗi, irin na Ingila. Soket ɗinmu kuwa yawanci na ƙafa biyu ne masu zagaye. Ku sayi wayar da ta dace, ko mahaɗi mai kyau. Kada ku cusa tsirarun wayoyi a cikin soket.

Ku duba ƙofofin da ke gefen kwamfutar. Marasa kauri sukan rage ƙofofi. Kuna bukatar aƙalla ƙofar USB biyu irin na da, domin kile da injin buga takarda, da ƙofar HDMI idan kuna nuna darasi da majigi. Ku sani kuma babu wurin faifan DVD a jikinsu.

Ku yi tunanin gyara tun kafin saye. An rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ku tambayi mai gyara a Matameye ko Damagaram irin kwamfutar da yake samun batirinta da fuskarta da cajarta ba tare da an ƙetare iyaka ba. Matambayi ba ya ɓata.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar NIGELEC takan ɗauke, kuma ƙauyuka da yawa ba su da ita. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta dawo da ita ba sai a farkon 2024. A nan kwamfuta marar nauyi tana da fifiko babba, domin ba ta shan wuta kamar tsohuwar. Cajar tsofaffi takan kasance wat 65 zuwa 90, ta marasa nauyi kuma wat 45 zuwa 65. Idan wadda za ku saya tana caji ta ƙaramar ƙofa mai suna USB-C, ya fi kyau. Irin wannan caja tana da sauƙin samu, kuma da mahaɗin da ya dace ana iya cajin kwamfutar daga batirin mota ko na hasken rana mai bolt 12. Ku gwada ku gani, domin ba kowace ƙofar USB-C ce ke karɓar caji ba.

Masu ƙera kwamfuta sukan ce a yi aiki da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin yankin Damagaram yakan haura digiri 40. Zafi yana saurin kashe batiri. Ku yi aiki a inuwa, da safe ko da yamma. Ku ɗora ta a kan tebur ko allo, kada ku ɗora ta a kan katifa ko filo, domin suna toshe ramukan shan iskarta. Kada ku bar ta a jaka cikin rana.

A lokacin hunturu, ƙura tana shiga ta waɗannan ramuka ta taru a kan fankarta. Ku rufe ta da tsumma mai tsabta idan kun kashe ta, ku kuma kai ta a share cikinta sau ɗaya a shekara bayan hazo ya wuce.

Ranar saye

Gani ya kori ji. Ku tafi tare da wanda ya san kwamfuta. Idan kuɗin ƙungiya ne, a yanke shawara a taro, a rubuta a littafi, mutum biyu su tafi. Ku ji farashi a shago uku. Idan a Kano ne, ku san canjin naira da sefa na ranar kafin ku yi ciniki. Kada ku kashe kuɗinku duka a kan kwamfutar. Ku rage na jaka mai soso, da kile, da mahaɗin wuta mai kariya. Daga nan sai ku bi waɗannan matakai:

1. Ku kunna ta da kanku. Idan ta nemi kalmar sirri tun kafin Windows ta buɗe, ko ta nuna sunan wata ma'aikata, ku ajiye ta.
2. Ku buɗe shafin bayanin kwamfutar, ku karanta lambar furosesa da yawan RAM a kan fuskar. Kada ku dogara da ƴar takardar da aka manna a jikinta, domin ana iya sauya ta.
3. Ku tabbatar ma'ajin SSD ne, ku ga yawan gigarsa.
4. Ku ce a fitar muku da rahoton batiri. Ana samunsa da umarnin powercfg /batteryreport. Zai nuna lamba biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Idan ta biyu ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ta farko ba, a rage muku kuɗin sabon batiri.
5. Ku zare caja, ku kunna bidiyo na minti 20, ku ga nawa batirin ya sauka. Ku taɓa ƙasanta ku ji ko ta yi zafin da hannu ba ya jurewa.
6. Ku danna kowane harafi. Ku gwada kowace ƙofa da kile. Ku gwada sauti, da kamara, da kama intanet daga wayar salularku.
7. Ku duba fuskar da farin shafi, ko akwai layi ko tabo. Ku buɗe ta ku rufe sau da yawa, ku ji ko maƙalar tana ƙara.
8. Idan jikinta ya kumbura, ko wurin jan yatsa ya ɗago, batirin ne ya kumbura. Kada ku saya.
9. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar jikin kwamfutar, da yawan kwanakin da za ku iya maido ta. Rasit zai yi muku amfani wajen ƴan duwan, zai kuma kare ku daga zargin sayen kayan sata.

Mai sayarwar da ya hana ku gwaji ya riga ya ba ku amsa. Ku wuce shago na gaba.

Me za a yi da tsohuwar?

Kada ku saki reshe ku kama ganye. Takardun da ke cikin tsohuwar kwamfuta sun fi ta daraja, domin lissafin shekaru ba ya sayuwa a kasuwa. Ku kwafe su a kile biyu, ku zuba a sabuwar, ku buɗe ku tabbatar sun shiga. Ku riƙe tsohuwar wata guda kafin ku rabu da ita.

Idan tana aiki, ana iya barin ta a ofishin ƙungiya ko ajin karatu domin masu koyon buga rubutu. Mai gyara zai iya sa mata manhajar kyauta irin su Linux Mint, wadda ke tafiya da kyau a tsofaffin kwamfutoci, tare da LibreOffice domin rubutu da lissafi. Idan sayarwa za ku yi, a goge ma'ajin gaba ɗaya, domin sunayen mutane da bashinsu amana ne. Mataccen batiri kuma ba a ƙona shi, ba a fasa shi, ba a bar wa yara. Yana iya kamawa da wuta. Ku kai wa mai gyara.

A taƙaice

Ku rubuta waɗannan a takarda ku tafi da ita kasuwa: fuska inci 13 ko 14, nauyi wajen kilo 1 da rabi ko ƙasa da haka, furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen daga 3000, RAM giga 8, SSD giga 256, batirin da aka gwada a gabanku, madannan da hannunku ya saba da su, irin da mai gyaran garinku ya sani, da rasit. Idan kuɗinku bai kai ba, ya fi kyau ku gyara tsohuwar ku ƙara haƙuri zuwa wata kaka, da ku sayi wadda za ta mutu kafin shekara. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.